Daga Bune: tsoron da ake faɗi da wanda ake haɗiyewa

A wannan mako za mu ɗan jingine zancen farashin gero da na ƙarshen wata, mu taɓa wani abin da ya girme su duka, wanda kuma in an tona za a same shi a ƙarƙashinsu: tsoro.

Bahaushe bai yi wa tsoro rowar suna ba. Akwai fargaba, wadda ke zama a ƙirji tun abin bai iso ba. Akwai firgita da razana, masu faɗo wa mutum farat ɗaya. Akwai zullumi mai hana barci, da shakka wadda ake yi wa na gaba, da ɗar-ɗar na wanda bai san ta inda za a ɓullo masa ba. Ga kuma kwarjini, wanda shi ma tsoro ne, sai dai an hango shi daga wajen mai bayarwa. Harshen da ya tara kalmomi haka a kan abu guda, lalle masu shi sun daɗe suna kwana da abin suna tashi da shi. Amma in ka ɗauki adabinmu, na baka da na rubuce, ka auna, sai ka tarar iri biyu ne kaɗai suka samu shimfiɗa mai faɗi: tsoron Dodo da tsoron Lahira. Na ukun, wanda ya fi cin mutane da rana tsaka, wato tsoron mai iko, da ƙyar ake jin motsinsa.

Mu fara da Dodo, tun da shi muka fara sani. Tatsuniya da dare ake yin ta, yara na jingine da kakarsu, tuwo na cikin ciki. Ana tsorata su ne a wurin da babu abin da zai same su. Dodo yana da suna, yana da mazauni, ko rafi ko rijiya ko kurmi, yana da dokokinsa, kuma mafi muhimmanci yana da ƙarshe: a farke cikinsa, mutane da shanun da ya haɗiye su fito, a ce ƙurunƙus, kowa ya nemi tabarmarsa. Yaron da ya kwana a kan haka ya koyi cewa ana iya duban abin tsoro tun daga kai har wutsiya, a kuma wayi gari lafiya. Ba ƙaramin karatu ba ne wannan.

Labarin rijiyar Kusugu ta Daura ya fi haka zurfi, ko da yake mun saba saurin wucewa zuwa wurin takobin Bayajida. Ni abin da ke tsayar da ni a labarin shi ne shekarun da suka gabaci zuwan baƙon. Gari guda, da sarauniyarsa da mayaƙansa, ya yarda ba za a ɗebi ruwa ba sai ranar Juma'a. An tsara ƙishirwa, an tsara wanka da girki, an haifi yara sun girma suna ɗaukan cewa haka duniya take. Da gari ya waye aka ga maciji a mace kuwa, sai ga masu cewa su suka kashe shi, har sai da aka nemi a kawo kan. Wanda ya taɓa ganin washegarin faɗuwar wata gwamnati ya san waɗannan jarumawan safiya, wasu ma ya san su da sunayensu.

Tsoron Lahira shi ne gonar malamai. Waƙoƙin wa'azi na zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƴarsa Nana Asma'u, da na bayansu irin Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya, ba su rage kome ba wajen siffanta kabari da tambaya da hisabi da siraɗi. Almajirai da makafi sun yawata da su kasuwa-kasuwa har suka shiga kunnen wanda bai taɓa riƙe allo ba. Sai dai a lura da abu biyu. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, a cikin Ihya'u ya haɗa tsoro da fata a babi guda, bai bar ɗaya ya yi tafiya shi kaɗai ba. Na biyu, wannan tsoro ba ya tambayar rawani. Da shi masu jihadi suka tunkari sarakunan Gobir, kuma littafin Kitabul Farƙi ya jera laifuffukan masu mulkin ƙasar Hausa, irin ƙwace dukiyar talaka da ɗora haraji ba bisa shari'a ba. Ashe akwai tsoron da ke ƙwace mutum daga hannun wani tsoron.

To, mu zo Bune. Wanda ya bar gudron a Gure ya yi kudu, ya shiga duwatsun Muniyo da kwaruruwansu na goruba da dabino da kanwa, ba lalle ya gane cewa yana tafiya cikin tsohuwar daula ba. Bune ce mazaunin sarakunan Muniyo kafin Muniyoma Koso ya mai da gadon sarauta Gure a ƙarni na 19. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya ratsa ta Bune da Gure cikin watan Disamba na 1852 a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. Ƙasar da ya tarar tana tsakanin wuta uku: Shehun Borno daga gabas yana jiran gaisuwarsa, mahara daga arewa, ga Damagaram daga yamma tana ta ƙara ƙarfi. Sarki yana tsoron wanda ya fi shi, sai ya sauke nauyin a kan na ƙasa da shi, shi kuma manomi ko mai dafa manda ba shi da wanda zai sauke wa.

Abokin tafiyar Barth, Baturen Ingila James Richardson, ya zauna Damagaram a farkon 1851 zamanin Sarki Ibrahim, ya wuce ta Gure, ya rasu cikin watan Maris na wannan shekara bai kai Kukawa ba. A littafinsa ya ba da labarin abin da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya karanta da natsuwa: sarki da manyan fada sun ci bashin fatake, lokacin biya ya yi, sai aka ɗaura yaƙi a kan garuruwan da ke cikin ƙasar Borno ita kanta, aka kamo mutane aka biya bashi da su. Mai ba da bashin yana zaune a zaurensa yana lissafi, bai zare takobi ba. Amma a can ƙauye, uwa ba ta iya aiken ɗanta rijiya hankali kwance. Wannan shi ne tsoron da kakannin kakanninmu suka sha, kuma ba shi da ƙurunƙus.

Bayansa abubuwa suka zo a jere. Rabe ya ci Borno a 1893, ya ƙone Kukawa. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta keto daga yamma tana ƙone garuruwa, ta yi ɓarnar da har yau ake tunawa a Birnin Ƙonni. Faransa da kanta ta aiko Kanal Klobb ya tsayar da su, Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli a ƙasar Tasawa, cikin kwana uku sojojinsu suka kashe su su biyun a wajen Maijirgi. Sauran rundunar ta ci gaba, ta yi yaƙin Tirmini a ƙarshen watan, ta shiga Damagaram, wani sashenta ya nufi tafkin Cadi. Sai aka shiga zamanin kumandan da gardi da lanho, da dokar da ta ba Bature ikon kulle mutum har kwana 15 ba tare da alƙali ba, da aikin tilas wanda ba a soke ba sai a watan Afrilu na 1946.

Ina duk wannan yake a adabinmu? Yana nan, amma daga sama aka hango shi. Ku saurari kirarin sarakuna da waƙoƙin makaɗan fada: sarki giwa ne, zaki ne, wuta ne, ana ambatonsa maza na rawar jiki. Kwarjini ake yabo. Wanda jikinsa ke rawar ba a ba shi baki ba, domin ba shi ne mai ba maroƙi riga da doki ba. Ba na zargin makaɗa, sana'arsu ke nan, kuma sun iya ta. Ina dai cewa rabin labari muka gada.

Mutum biyu ne, a sanina na mai karatu, suka juya madubin sosai. Na farko Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Shaihu Umar na 1934. Ana yawan karanta shi a matsayin labarin malami mai haƙuri, amma zuciyar littafin uwar ce: an sace mata ɗa, ta fita nemansa, ita ma aka kama ta aka sayar, ta ƙetare hamada tana baiwa, ba ta sake ganinsa ba sai gab da ajalinta. Babu Dodo a ciki ko ɗaya, mutane ne kawai da igiya da ciniki.

Na biyun ɗan ƙasar Manga ne, maƙwabcinmu: Abdoulaye Mamani, haifaffen Gudumariya a 1932. Ɗan Sawaba ne, ya yi gudun hijira shekara da shekaru bayan an haramta jam'iyyar a 1959, ya dawo gida bayan juyin mulkin 1974, aka kama shi aka tsare. Mutumin da ya san ƙarar makulli daga ciki shi ne ya fitar da Sarraounia a 1980. Takardun sojan Faransa a taƙaice suka ambaci sarauniyar Lugu da faɗan watan Afrilu na 1899. Mamani ya ɗauki wannan ɗan zare ya saƙa littafi, kuma abin da ya saƙa tafiyar tsoro ce daga wannan sansani zuwa wancan. Da farko garuruwa ne ke watsewa tun kafin a hango ƙurar rundunar, sarakuna na lissafin yadda za su tsira da rawunansu. Daga baya sai tsoron ya sauya masauki, ya koma cikin masu bindiga, waɗanda suka fara jin cewa matar nan ta fi ƙarfin harsashi. Ko tarihi ya tafi daidai da haka ko bai tafi ba, marubucin ya gane cewa rundunar da ke tafiya da tsoro kaɗai, ran da ya juyo kanta ba ta da wani abin riƙewa. Med Hondo ya mai da littafin sinima a 1986, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. A Burkina Faso aka ɗauki hoton, ba a ƙasar sarauniyar ba, kuma wannan ma wani babi ne na zancenmu. Mamani ya rasu a hatsarin mota a 1993.

Duk wanda ya zauna ajin lise ya haɗu da Okonkwo na Chinua Achebe, a littafin 1958 da muka karanta da faransanci da sunan Le monde s'effondre. Gidansa kaf ana shakkarsa, alhali shi ne ya fi kowa tsoro a gidan: tsoron kada a ce ya yi kama da ubansa, rago mai bashi. Wannan tsoro ne ya sa ya sa hannu a kashe yaron da ke kiransa uba, bayan dattijo ya gargaɗe shi kada ya yi. Mushe ya koya mana wannan don jarrabawa, amma amfaninsa ya wuce jarrabawa. In ka ga mai iko yana yawan tsoratarwa, nemi abin da shi yake tsoro.

A ƙasarmu abin nan yana da suna, sunansa yunwa. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka tumɓuke Diori Hamani, kuma cikin manyan dalilan da Seyni Kountché ya bayar akwai yadda aka riƙe al'amarin fari da taimakon abinci. Tun daga ranar kowace gwamnati ta san cewa kalmar nan tana iya cin kujera. Albert Camus, a La Peste na 1947, ya nuna hukumomin birnin Oran suna ta kewaye-kewaye don kada su furta sunan annoba, ɓeraye na mutuwa a titi, mutane na bin su. Mun ga irinsa da idonmu. Bayan fari da farar ɗango na 2004, shekarar 2005 ta zo da tsanani a Maradi da Damagaram, ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières ita kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60.000 masu tamowa mai tsanani, amma shugaba Mamadou Tandja ya fito ya musanta cewa akwai yunwa. A 2008 aka dakatar da aikin reshen Faransa na ƙungiyar a Maradi. Sai bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010 sababbin hukumomi suka furta kalmar a fili suka nemi agaji.

Nan ne zancen ya shafe ku, ƴan uwa ma'aikata. Labarin rumbun da ya ƙare a ƙauyen Bune ba ya tashi sama ya sauka Yamai. Sai ya bi ta hannun mai gari, da sarki, da malamin gona, da likita, da wanda har yau talakawa ke kira kumandan, da gwamna. A kowane mataki akwai mutum mai iyali da ke tambayar kansa: in na rubuta abin yadda yake, wa zai ji haushi? Sai ya rage kaɗan. Na samansa ma ya rage kaɗan. Babu wanda ya yi ƙarya babba, amma kafin takarda ta kai inda za ta, yunwa ta zama ƙarancin abinci, ƙarancin abinci ya zama ƴar matsala a wasu wurare. Iyayenmu da suka yi aiki zamanin Kountché suna yawan ba mu labarin yadda yakan faɗo biro ba sanarwa, da yadda ake rage murya in an ambaci ƴan sandan ciki na Coordination, kuma da yawansu da kewa suke faɗi: a lokacin, in ji su, kowa na kan kujerarsa da ƙarfe bakwai da rabi. Na yarda, kuma ban raina wannan ba. Tsoro yana iya kawo ma'aikaci biro a kan lokaci, yana iya hana shi taɓa akwatin kuɗi. Abin da ba ya iyawa shi ne ya sa shi ya gaya wa na samansa abin da ba ya son ji. Gwamnati kuwa ta fi bukatar wannan a shekarar da damina ta ƙi.

Ƴan kasuwa su ma suna da nasu. An ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma an sare su ba sau ɗaya ba: rufe iyakar Najeriya a 1984, wadda ta haɗu da fari har aka sa wa yunwar shekarar suna El Buhari, da karyewar darajar sefa da rabi a dare guda cikin Janairu 1994, da wata rufe iyakar a 2019. Don haka da an ji ƙishin-ƙishin sai a kulle sito a jira. Kowa shi kaɗai yana da hujja. Amma in mutum ɗari suka kulle a rana guda, tsadar da suke gudu su suka kira ta, kuma mai sayen tiya ɗaya shi ke biya. Ɗan kasuwa ya kuma san ɗaya fuskar, ta zama wanda ake tsoro. A 1997, da jita-jitar masu satar al'aura ta ratsa Gana da Senegal da wasu ƙasashe, an kashe mutane a kasuwa a kan musafaha kawai, kuma masanin nan Julien Bonhomme, da ya bi diddigin abin a littafinsa na 2009, ya nuna cewa baƙi, musamman waɗanda ake kira Hausawa, suna cikin waɗanda aka fi nunawa da yatsa. Mai tallan agogo da turare, wanda ya bar gida neman halaliya, shi ya zama Dodon wani gari. Yana da kyau mu tuna da wannan in baƙo ya sauka namu garin, musamman tun daga Fabrairu 2015, lokacin da hare-haren Boso da Difa suka koro mutane zuwa yamma, wasu aka tarbe su da tabarma, wasu da kallon zargi.

Akwai tsoro guda a ƙasar Gure wanda ba a rage murya in za a faɗe shi, shi ne na rairayi. Tudun yashi yana tafiya, kowa na ganinsa, mai kwari ya san dabino nawa ya binne masa tun daga bara. Da yake ba a kulle kowa don ya ce yashi na zuwa, an zauna an yi shawara a kansa, har aka yi wani shiri musamman na kare kwaruruwan Gure da Maine-Sorowa, wanda ake kira PLECO. Aikin ba asiri ba ne: a sari kalimbo ko rassan goruba, a kafa shinge a gicciye da iskar gabas, a yi shi gida-gida kamar dara a bisa tudun, a dasa itatuwa a ciki da damina, a sa mai gadi don awaki. Wani wuri ya kama, ciyawa ta dawo. Wani wuri kuɗin shirin sun ƙare, mai gadi ya tafi, dabbobi sun shiga, yashi ya ci gaba daga inda ya tsaya.